Beli: Wa Ya Ƙago Shi, Wa Kuma Ya Sa Masa Kuɗi?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Jiga Birni, cikin ƙaramar hukumar Aliero ta Jihar Kebbi. Mai takardar manomin albasa ne, ya kuma roƙe mu kada mu ambaci sunansa, to mun yarda. Ya ce a kakar albasar da ta wuce rikici ya haɗa ƙanensa da wani dillali a kan kuɗin buhu 12, magana ta kai gaban 'yan sanda, aka rufe yaron. Da ya je karɓo shi sai ya ga an rubuta ɓaro-ɓaro a jikin bango cewa beli kyauta ne, amma duk da haka sai da tunkiyarsa ta tafi kasuwa kafin ƙanen nasa ya kwana a gida. Shi ne yake tambaya, wai shin wa ya ƙago beli? Turawa ne suka zo mana da shi? In kyauta ne, kuɗin da ya biya na mene ne? Sa'an nan tun da ya dangwala hannu a takarda, in yaron ya tsere Legas, za a iya raba shi da gonarsa?

To Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya mayar maka da gurbin tunkiyarka. Bari mu fara da gyara wani kuskure da mutanenmu kan yi. Da yawa in an ba da belin ɗan'uwansu sai su ɗauka magana ta mutu, a koma gona, a manta da ranar da aka ce a dawo. Ina! Kai manomi ne, ka san talala. Dabbar da aka yi wa talala tana kiwonta, tana kwanciya inda ta so, amma igiya na nan ɗaure a turke. Haka beli yake. An sallami mutum ya je ya ci gaba da neman abincinsa, bisa alkawarin cewa duk ranar da hukuma ta neme shi zai zo da ƙafarsa, in kuwa bai zo ba akwai wanda za a tambaya. Wannan wanda za a tambaya, a maganar ƙanenka, kai ne.

Ita kalmar beli daga bakin Turawan Ingila muka same ta, su kuma sun aro ta daga tsohon Faransanci, inda take nufin a miƙa wa mutum abu ya riƙe. Watau an ɗauki wanda ake tuhuma daga hannun mai tsaron kurkuku an danƙa shi a hannun wani mutumin gari. Ka lura ko a asalin kalmar babu maganar ciniki. Amma aikin kansa, watau wani ya tsaya wa wani, Bature ya tarar da shi a ƙasarmu ya riga ya tsufa.

Ba sai mun je da nisa ba. Ga Jega nan kusa da kai, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, wanda kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, mahaɗar fatake masu zuwa Gwanja neman goro da masu gangarowa da gishiri da kanwa. Baƙon da ya sauka a irin wannan kasuwa ba wanda ya san ubansa. Yaya za a ba shi kaya bashi? Sai ta hannun fatoma, mai masaukinsa. Fatoma ne zai ce na lamunce, in bai biya ba a zo wurina. Jarin fatoma kuwa mutuncinsa ne. Ran da aka kama shi da ƙarya, ran nan gidansa ya daina ganin baƙo. Har gobe a kasuwar albasa ta Aliero in ka ga an loda wa mutum mota bai ba da ko sisi ba, bincika, akwai wanda ya tsaya masa.

Alƙalan wancan zamani kuwa ba da ka suke hukunci ba. Littattafan Malikiyya suke bi, irin su Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa, kuma a cikinsu an yi bayanin lamuni. Malamai suka raba shi uku. Akwai lamunin dukiya, inda za ka ce in wane bai biya ba ni zan biya. Akwai lamunin fuska, inda ka ɗauki alkawarin kawo mutumin da kansa gaban alƙali ran da aka sa. In ka kasa kawo shi, abin da ake bin sa ya hau kanka, sai fa in tun farko ka gindaya sharaɗin cewa ba ruwanka da dukiya. Na ukun shi ne lamunin nema, wanda iyakar abin da ke kanka shi ne ka bi sawunsa tsakani da Allah, ka faɗi inda yake. Wannan na biyun, lamunin fuska, shi ne kakan belin da ka sa wa hannu. Wanda bai sami mai tsaya masa ba kuwa, ga gidan yari nan, ga mari, ga dogarai.

Abu biyu ya kamata ka riƙe daga wannan fiƙihu, domin za ka sake gamuwa da su a gaba cikin tufafin boko. Na ɗaya, ba a karɓar lamunin fuska a kan haddi ko ƙisasi, don ba a yanke wa Audu hannu saboda satar Tanko. Na biyu, malamai sun hana mai lamuni karɓar lada a kan tsayawar da ya yi. Taimako ne, ba sana'a ba. Hujjar da malamai da dama kan kafa a kan lamunin fuska tana cikin ƙissar Annabi Yusufu, Alaihis Salam, inda mahaifinsu ya ƙi sakin ƙaramin ɗansa sai da yayyensa suka yi masa alkawari mai ƙarfi cewa za su dawo da shi. A cikin ƙissar nan dai, da aka riƙe yaron a Masar, yayyen suka nemi a riƙe ɗayansu a madadinsa, aka ƙi. Ajiye wannan ma a aljihu, za mu dawo kansa.

A can Ingila kuwa, yadda abin ya faro shi ne, alƙalan sarki yawo suke yi gari-gari, wani gari sai ya yi watanni bai gan su ba. Kurkukun lokacin kuma ramin cuta ne, mutum kan mutu kafin alƙali ya iso. Saboda haka aka bar wa wakilin sarki na kowace gunduma ikon sakin mutum a hannun 'yan'uwansa kafin ranar shari'a. Ka san abin da ya biyo baya? Wakilan nan suka mayar da abin kasuwa: mai laifi in yana da kuɗi ya fita, marar laifi in ba shi da shi ya ruɓe. Abin ya yi yawa har a shekarar 1275, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, aka kafa doka aka jera laifuffukan da ake ba da beli a kansu da waɗanda ba a bayarwa, aka kuma sa hukunci a kan jami'in da ya karɓi kuɗi kafin ya saki wanda ya cancanta. A 1689 suka ƙara wata da ta hana alƙali tsawwala sharaɗin beli. Ka ga ke nan, Malam, kukan da kake yi a Jiga Birni, wani manomi ya riga ka yin sa a Ingila shekara 700 da suka wuce.

Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Suka bar su ƙarƙashin En'e, suka yi musu daraja-daraja daga A zuwa D, Razdan da Di'o na leƙa littafin shari'a lokaci-lokaci. A gefe guda kuma ga nasu kotunan, masu bin tsarin Ingila, inda ake beli da takarda da sa hannu. Talakan Jiga ko Maiyama bai cika ganin waɗannan ba. Shi abin da ya sani shi ne ɗan doka, da alƙalin gunduma, da gidan yarin En'e a Birnin Kebbi. Lauya ba ya shiga kotun alƙali a lokacin. Sakin mutum ko riƙe shi ya rataya ne a kan ganin damar alƙali da kalmar dagaci ko hakimi. In mai gari ya ce yarona ne, na san gidansu, shi ke nan. Tsarin yana da sauƙi, ba takarda, ba jeka-ka-dawo. Amma yana da mugun lahani, wanda ya fito fili bayan an kafa jam'iyyar NEPU a 1950, aka riƙa cika gidajen yarin En'e da magoya bayanta a kan laifin taro ba izini ko zagin sarki. Wa zai tsaya wa mutumin da hakimi ke fushi da shi?

Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ga dole a yi gyara. A 1958 ta gayyato kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, da wani joji daga Pakistan, da wani malamin jami'a daga Landan, da manyan Arewa irin su Shettima Kashim. Shawararsu ce ta haifi Finalkod, da ƙanwarta dokar bin matakan shari'ar laifi, waɗanda suka fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe samun mulkin kai. An kwaikwayo su daga na Sudan, Sudan kuma daga na Indiya. Daga ranar nan beli ya shiga rubutacciyar doka guda wadda ta hau kan alƙali da majistare baki ɗaya.

Yadda dokar 1960 ta tsara shi yana da sauƙin ganewa. Laifin da hukuncinsa bai wuce ɗaurin shekara 3 ba, beli haƙƙin mutum ne, sai in an kawo dalili mai ƙarfi. Wanda ya wuce shekara 3, ba a cika bayarwa ba sai kotu ta gamsu da abu uku: sakinsa ba zai ɓata bincike ba, ba zai gudu ba, kuma ba zai je ya sake aikata wani laifin ba. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, ƙofa a rufe take, sai a wani hali na musamman. Ka tuna abin da muka ce game da haddi da ƙisasi? To ga shi ya dawo. Har yanzu a kan wannan gwadabe ake tafiya, ko da an sauya lambobin sassan doka.

A 1968, zamanin Janar Gowon, aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki, aka rufe kotunan sarakuna, gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. An raba talaka da zaluncin wasu hakimai, wannan gaskiya ne. Amma a ganina a nan ne kuma aka yi asarar wani abu. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san wanda ke da gona da iyali, wanda ba inda za shi. Ɗan sandan da aka turo daga wata jiha bai san kowa ba, sai ya nemi shaida a takarda: hoto, katin shaida, takardar fili, ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza. Manomi ba shi da ko ɗaya. Inda mutunci ya daina aiki, takarda kuma babu, me ya rage? Aljihu.

Mulkin soja ya ƙara dagula lissafi. Doka ta 2 ta 1984 ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da kai shi kotu ba, ba a kuwa soke ta ba sai 1999. Cif M.K.O. Abiola, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta ba da belinsa a Nuwamba 1994, ba a sake shi ba har ya rasu a tsare a Yuli 1998. Farar hula ma ba su tsira ba: Kanar Sambo Dasuki ya zauna a tsare daga Disamba 2015 zuwa Disamba 2019, alhali kotuna sun yi ta ba da belinsa. Mun kawo waɗannan ne don ka san cewa abin da ke rubuce daban, samunsa daban, ko ga masu manyan lauyoyi.

Duk da haka ka san abin da ke rubucen, don wanda ya san haƙƙinsa ba a cika yi masa kallon tunkiya ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce in an kama mutum, kuma akwai kotun da ke da hurumi a cikin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana 1; in babu, kwana 2. Wanda aka tsare a Aliero ko Jega ko Maiyama, kotu ba ta yi masa nisan kilomita 40 ba. Komawar Kebbi ga shari'ar Musulunci a shekarar 2000 ba ta taɓa wannan ba, ya hau kan kowace kotu. A 2015 aka kafa sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, jihohi suka yi ta kafa irin tasu, har da Kebbi, sa'an nan a 2020 aka sake dokar 'yan sanda, wadda ke aiki a ko'ina cikin ƙasa.

Abubuwan da suka shafe ka a cikinsu ga su. An hana kama wani a madadin wani, watau ba a rufe uba ko mata ko wa don ɗa ya gudu. Ka ga mun koma ƙissar Annabi Yusufu. An hana 'yan sanda kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, wannan aikin kotu ne. Sai dai ka yi hattara, mai ƙara in ya waye ba zai ce bashi ba, zai ce zamba ko cin amana, waɗannan kuwa laifi ne. Mu ba mu ga takardar ƙarar ƙanenka ba, amma in kuɗin albasa ne zalla, tun farko wurin alƙali ya kamata a nufa. Dokar 2015 ta kuma faɗa a fili cewa ba a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce, abin da aka daɗe ana yi a caji ofis ba da wata doka ba. Fiƙihun Malikiyya ma ya yarda matar aure ta yi lamunin dukiya in bai wuce sulusin abin da ta mallaka ba. An kuma ɗora wa majistare ya riƙa zagaya caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata ya ga waɗanda ke rufe, yana da ikon ba da belinsu nan take.

Yanzu ga maganar kuɗi. Belin 'yan sanda ba shi da farashi, ba a taɓa sa masa ba. Abin da ka biya ba ya shiga baitulmali, shaidarka kuwa ita ce ba a ba ka rasit ba. A kotu ne mutane kan ruɗe. In ka ji alƙali ya ce ya ba da beli a kan naira 200,000 da mutum ɗaya mai tsayawa, ba cewa ya yi a ƙirgo kuɗin a ajiye ba. Alkawari ne: in wanda ake tuhuma ya gudu, za a bi ku wannan adadin. In bai gudu ba, ko kwabo ba ya fita. Akwai lokacin da kotu kan ce a ajiye kuɗi, to wannan da bakin alƙali ake faɗa a zauren kotu, a ba ka rasit, a mayar maka in an gama shari'a. Kuɗin lauya daban ne, ladan aikinsa ne. Sai kuma masu zaman bakin kotu da takardun fili a hammata, suna tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba a biya su. Wannan a Amurka sana'a ce mai lasisi, kamfani kan karɓi kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin ya tsaya wa mutum, kuma kuɗin ba ya dawowa. Su ma can ana ta ƙorafi, har Jihar Illinois ta soke belin kuɗi ɗungum a 2023.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne wanda aka kai gaban majistare da tuhumar da ta fi ƙarfin kotunsa, kamar fashi ko kisan kai. Majistare ba zai iya shari'ar ba, beli kuma sai Babbar Kotu, sai a aika da mutum gidan waƙafi a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta, mutum ya kwanta. Shi ya sa a ƙididdigar 2023 fiye da kashi 60 cikin 100 na mutanen da ke gidajen gyaran hali na Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Dokar tarayya ta ƙayyade irin wannan ajiya zuwa kwana 14 a karon farko, ana sabuntawa amma ba har abada ba. In naka ya faɗa wannan rami kuma ba ku da kuɗin lauya, a nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 don marasa ƙarfi.

Saura gonarka. In ƙanenka ya ƙi zuwa, ba za a ɗora maka laifinsa ba, kuma ɗan sanda ba shi da ikon zuwa ya auna maka gona. Kotu ce za ta kira ka ta ce ka kawo shi, ko ka faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin da ka yi alkawari. Takan ba da lokaci, takan kuma rage adadin in ta ga ka yi iya ƙoƙarinka. In ka kasa biya, tana iya sa a sayar da kayanka, in ba a samu ba a ɗaure ka har wata 6. In kuwa takardar gonar ce ka jingina a wurin belin, to gaskiya tana cikin haɗari. Saboda haka ka koma ka nemi a karanta maka abin da ka dangwala wa hannu: nawa aka rubuta, wace rana aka ce a dawo, kuma ina. In ka ga take-taken yaron na tafiya ne, doka ta ba ka dama ka je ka ce ka janye tsayawarka. Za a nemo shi a ce ya kawo wani, in bai samu ba a mayar da shi ciki, kai kuwa ka fita. Abu ne mai ɗaci tsakanin wa da ƙane, shi ya sa ya fi kyau ka zaunar da shi gaban mahaifiyarku tun yanzu, ka gaya masa nawa ne a kanka.

Maganar tunkiya kuwa, kana iya kai kuka wurin baturen 'yan sanda na yankin, in bai saurare ka ba ka rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Birnin Kebbi, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ka rubuta ranar, da adadin kuɗin, da wanda ke tsaye a wurin sa'ad da ka miƙa. Ba mu yi maka alkawarin za ta dawo ba. In ka sake rubuto mana, ka gaya mana laifin da aka rubuta wa yaron a takarda.